Ben Carson: Rayuwa da aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwar yara da ya ƙare a fagen siyasa

A watan Satumbar 1987, wata tawagar ma'aikatan lafiya su kimanin 70 ta shafe sa'o'i 22 a ɗakin tiyata na Asibitin Johns Hopkins da ke birnin Baltimore na Amurka, tana ƙoƙarin raba wasu jarirai biyu 'yan Jamus ta Yamma da aka haifa ƙeyarsu manne da juna. Da aka fito da yaran da ransu, sunan da jaridun duniya suka fi ɗauka shi ne na wani likita baƙar fata mai shekara 35, Benjamin Solomon Carson.

Tun daga lokacin sunan nasa bai ɓace ba. A Najeriya ma, littafin tarihin rayuwarsa mai suna Gifted Hands, wanda ya fito a 1990, ya daɗe yana cikin littattafan da iyaye da malamai ke miƙa wa yaron da ya ce likita yake son zama. Sai dai abin da aka fi yaɗawa game da shi ɓangare ne kawai na labarin. Akwai aikin da ya fi na tagwayen amfani ga marasa lafiya amma ba a cika ambatonsa ba, akwai kuma abin da ya faru da tagwayen bayan masu ɗaukar hoto sun watse.

Ƙuruciya a Detroit

An haifi Carson a ranar 18 ga Satumba, 1951, a Detroit da ke jihar Michigan, birnin masana'antun ƙera motoci. Yana ɗan shekara takwas auren iyayensa ya mutu, nauyinsa da na wansa Curtis ya koma kan mahaifiyarsu, Sonya Carson. Ita kuwa an aurar da ita tana da shekara 13, karatunta bai wuce aji uku na firamare ba, kuma da aikatau a gidajen masu hali ta riƙe 'ya'yanta. Sun yi ɗan zama a Boston wurin 'yan uwa kafin su dawo Detroit.

A cewar Carson, a aji biyar shi ne na ƙarshe a ajinsu, har abokan karatunsa na kiran sa daƙiƙi. Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko, gwajin ido ya nuna ba ya ganin allo sosai, aka ba shi tabarau. Na biyu, mahaifiyarsa ta taƙaita musu kallon talabijin, ta wajabta wa kowannensu karanta littattafai biyu daga ɗakin karatu na gari a kowane mako, ya kuma rubuto mata bayanin abin da ya karanta. Takan karɓi takardun ta yi ta dubawa kamar mai gyara, alhali da ƙyar take iya karanta su. Sai bayan shekaru yaran suka gane haka.

Labarin da ya fi shahara daga wancan zamani shi ne na zuciyarsa. Ya ce yana ɗan shekara 14 ya kai wa wani yaro suka da wuƙa a kan wata 'yar gardama, wuƙar ta daki ƙarfen bel ɗin yaron ta karye, shi kuma ya kulle kansa a banɗaki yana addu'a har ya ji fushin ya sake shi.  A 2015, lokacin da yake neman takara, gidan talabijin na CNN ya tuntuɓi mutanen da suka tashi tare da shi, bai samu wanda ya tabbatar da faruwar abin ba, Carson kuwa ya tsaya a kan bakansa.

Daga Yale zuwa Baltimore

Ya kammala sakandare a 1969, ya samu gurbi a Jami'ar Yale inda ya yi digiri a fannin nazarin halayyar ɗan Adam a 1973. A can ya haɗu da Candy, wadda ya aura a 1975. Daga nan ya wuce makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Michigan, ya kammala a 1977. Wani abin lura ga mai karatu a Najeriya shi ne, a wannan jami'a ce Farfesa Latunde Odeku ya samu horon tiyatar ƙwaƙwalwa shekaru da dama kafin Carson, kafin ya dawo gida ya assasa wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960.

Carson ya yi horon ƙwarewa a Johns Hopkins. Ya ba da labarin yadda a farkon zuwansa wasu ma'aikatan jinya kan ɗauke shi a matsayin mai tura gadon marasa lafiya saboda launin fatarsa, da yadda wasu majinyata suka ƙi yarda baƙar fata ya duba su. A 1983 ya tafi birnin Perth na ƙasar Ostareliya, ya yi shekara guda a Asibitin Sir Charles Gairdner. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa a yankin, don haka ayyuka masu wuya suka riƙa zuwa hannunsa a kai a kai, ya tara gogewar da a Amurka sai ya shekara da yawa kafin ya same ta. Da ya koma Baltimore a 1984 aka naɗa shi shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwar yara, yana da shekara 33.

Abin da ya bambanta ƙwaƙwalwar yaro

Likitan ƙwaƙwalwar yara ba ƙaramin aikin babba yake yi a jikin ƙaramin mutum ba. Jinin da ke jikin jariri gaba ɗaya ɗan kaɗan ne, zubar da babba ba zai ji ta ba tana iya hallaka shi. Ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, jikinsa kuma yana saurin yin sanyi a kan teburin tiyata. Yawancin aikin yau da kullum a irin wannan sashe shi ne cire ƙari daga ƙwaƙwalwa, da gyaran tawayar ƙashin baya da aka haifi yaro da ita, da kuma matsalar taruwar ruwa a kai, wadda ke sa kan jariri ya yi ta girma. Ita wannan ana magance ta ne ta hanyar saka siririn bututu da ke janye ruwan daga ƙwaƙwalwa zuwa cikin ciki.

Amma ƙwaƙwalwar yaro tana da wata baiwa da ta babba ta rasa. Hanyoyin sadarwar da ke cikinta ba su gama kafuwa ba, saboda haka idan wani sashe ya lalace, wani sashen na iya ɗaukar aikinsa. A kan wannan baiwa ce aikin da ya fi muhimmanci a rayuwar Carson ya dogara.

Cire rabin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, dama da hagu. Kowane ɓari yana sarrafa kishiyar gefensa na jiki, kuma a wurin yawancin mutane cibiyar magana tana ɓarin hagu. Akwai wasu cututtuka da ke kama ɓari ɗaya kacal su mai da shi tushen farfaɗiya marar jin magani. Ɗaya daga cikinsu ita ce kumburin ƙwaƙwalwa na Rasmussen, wanda aka sa wa sunan likitan birnin Montreal na Kanada da ya fara bayyana shi a 1958. Yaron da ya kamu da ita yakan yi ta faɗuwa sau da yawa a yini, gefe guda na jikinsa ya riƙa shanyewa a hankali, maganarsa da basirarsa su riƙa ja da baya.

Ba Carson ne ya ƙirƙiri tiyatar cire ɓarin da ya lalace ba. Walter Dandy, shi ma na Johns Hopkins, ya yi ta tun a shekarun 1920 ga masu ƙarin ƙwaƙwalwa, sannan a 1950 wani likita a Afirka ta Kudu, Roland Krynauw, ya ba da rahoton yin ta ga yara masu farfaɗiya. Daga baya likitoci suka ja da baya, domin an lura cewa bayan wasu shekaru jini kan riƙa tsattsafowa cikin gurbin da aka bari, ya jawo lalacewar da kan kai ga mutuwa. Lokacin da Carson ya karɓi sashensa, likitoci ƙalilan ne ke yarda su taɓa wannan aiki.

A 1985 aka kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu daga birnin Denver, wadda farfaɗiya ke kama ta har fiye da sau 100 a yini. Likitan jijiyoyin yara na asibitin, John Freeman, shi ne ya ga cewa babu sauran mafita sai tiyata, ya nemi Carson, wanda bai taɓa yin irinta ba. An cire ɓarin hagu na ƙwaƙwalwar yarinyar, wato ɓarin da ake tsoron magana za ta tafi tare da shi. Ta farfaɗo ta yi wa iyayenta magana, farfaɗiyar kuma ta tsaya.

Ba a fita daga wannan tiyata ba tare da asara ba. Gurbin da aka bari yakan cika da ruwan ƙwaƙwalwa, yaron yakan koyi tafiya, sau da yawa da ɗan ɗingishi, amma yatsun hannun da ke kishiyar gefen ba sa komawa yin aiki mai laushi kamar ɗaura maɓalli, kuma rabin filin ganinsa yakan tafi. Iyaye suna zaɓe ne tsakanin wannan tawaya da cutar da ke cinye ɗansu a gaban idonsu. Wani rahoto da likitocin Johns Hopkins suka wallafa a 1997 kan yara 58 da aka yi wa aikin ya nuna cewa huɗu sun rasu, sama da rabin waɗanda suka rayu kuwa farfaɗiyar ta rabu da su baki ɗaya. A yau manyan cibiyoyin farfaɗiya sun fi karkata ga yanke hanyoyin da suka haɗa ɓarin mai ciwo da sauran ƙwaƙwalwa maimakon a ɗebe shi duka, amma dawo da amincewar likitoci ga wannan hanya yana cikin abin da ake danganta wa Carson da Freeman. Idan ana ƙidaya yaran da suka amfana, nan ne babban gadonsa yake.

Tagwayen 1987

Haihuwar tagwaye manne ta kai abu ne mai wuyar aukuwa, kusan sau ɗaya cikin haihuwa miliyan biyu da rabi. Wahalar raba su ba a ƙashi take ba, ba kuma lalle a naman ƙwaƙwalwa ba, domin sau da yawa kowane yaro yana da tasa. Matsalar tana ga manyan jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa su mayar da shi zuciya. Tagwayen Jamus, waɗanda ke da wata bakwai a lokacin, sun yi tarayya a babbar magudanar jinin da ke bin tsakiyar kai zuwa ƙeya. Yanka ta yayin da jini ke gudu yana nufin yaran su zubar da jininsu cikin mintuna.

Dabarar da tawagar ta ɗauka aro ce daga likitocin zuciya. An shafe watanni ana shiri, har an saka wasu 'yan balan-balan a ƙarƙashin fatar kan yaran don ta miƙe ta isa rufe raunin. A ranar aikin an haɗa kowane yaro da na'urar da ke maye gurbin zuciya da huhu, aka sanyaya jininsu har zafin jikinsu ya sauko zuwa kusan digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, sannan aka tsayar da gudun jinin ɗungurungum. A irin wannan sanyi ƙwaƙwalwa ba ta buƙatar iska sosai, tana iya jure kusan sa'a guda. Cikin wannan sa'a ce aka yanke magudanar, Carson ya kama gyaran ta yaro ɗaya, shugabansa Donlin Long ya kama ta ɗayan, suna faci da fatar da aka yanko daga jakar da ke lulluɓe da zuciyar yaran. Daga nan aka dawo da jini, aka sa su dogon barci da magani na kwanaki domin kumburin ƙwaƙwalwarsu ya sauka.

An bayyana aikin a matsayin karo na farko da aka raba tagwaye masu haɗe da ƙeya kuma dukansu suka rayu, haka ne kuwa. Sai dai rayuwar da suka samu ba ita ce iyayensu suka yi fata ba. Dukansu sun samu mummunar illa a ƙwaƙwalwa. Rahotannin da suka fito daga Jamus daga baya, da wani bincike da jaridar Washington Post ta wallafa a 2015, sun nuna cewa ɗaya bai ƙara sanin inda yake ba har ya rasu, ɗayan kuma bai iya magana ko ciyar da kansa ba, kuma a gidan kula da masu naƙasa suka ƙare. Mahaifiyarsu ta shaida wa wata mujallar Jamus cewa ta yi nadamar amincewa da tiyatar. Fim ɗin da aka yi kan rayuwar Carson a 2009, wanda Cuba Gooding Jr. ya fito a matsayinsa, ya tsaya ne a daidai lokacin da likita ya fito ya yi wa iyaye albishir.

Wannan ba ya nufin likitocin sun yi ganganci. Yaran da aka bari a manne ma suna fuskantar gajeriyar rayuwa mai wahala, kuma babu wanda ya riga su bin wannan hanya da za su koya daga gare shi. Amma kalmar nasara a bakin likitan tiyata tana iya nufin majinyaci ya fita daga ɗakin da rai, a kunnen uwa kuwa tana nufin ɗanta zai yi gudu ya kira sunanta. Jaridu sun ɗauki ma'ana ta farko suka sayar wa jama'a a matsayin ta biyu.

Carson ya sake shiga irin wannan aiki sau huɗu. A 1994, a Afirka ta Kudu, 'yan mata biyu da aka raba duk sun rasu. A ƙarshen 1997, a wani asibiti kusa da Pretoria, ya jagoranci likitocin Afirka ta Kudu da na Zambiya, ciki har da Sam Mokgokong, wajen raba wasu yara maza 'yan Zambiya masu wata 11 da suka haɗu ta tsakar kai. Kafin ya taso daga Baltimore ya yi ta gwaji da hoton kawunansu da kwamfuta ta zana. An shafe sa'o'i 28, yaran biyu suka rayu ba tare da wata babbar illar ƙwaƙwalwa ba. Wannan ne mafi kyawun sakamakon da ya samu, ko da yake bai kai na 1987 amo ba.

A watan Yulin 2003 ya shiga tawagar da Keith Goh ya jagoranta a Asibitin Raffles na Singafo, domin raba wasu 'yan Iran mata biyu masu shekara 29, waɗanda suka yi karatun lauya kawunansu na manne. An gaya musu ƙarara cewa suna iya mutuwa, suka ce sun ji sun gani. Bayan fiye da kwana biyu ana aiki aka raba su, jini ya ƙi tsayawa, suka rasu ɗaya bayan ɗaya a rana guda. A 2004 kuma, a Johns Hopkins, an raba wasu jarirai mata 'yan Jamus, ɗaya ta rasu ɗaya ta rayu.

A daidai wannan lokaci wani likita a birnin New York, James Goodrich, yana gwada wata hanya daban a kan wasu tagwaye 'yan Filifin. Maimakon a yi komai a zama ɗaya, sai ya raba aikin gida huɗu cikin watanni, yana ɗaure jijiyoyin da suka yi tarayya kaɗan-kaɗan, domin ƙwaƙwalwar kowane yaro ta samu lokacin buɗe wa kanta sababbin hanyoyin jini. Da irin wannan tsari ne Asibitin Great Ormond Street na Landan ya raba wasu jarirai mata 'yan Sudan a 2011, kuma shi ne yawancin cibiyoyi suka fi bi a yanzu.

Daga asibiti zuwa Washington

A 1994 Carson da matarsa suka kafa gidauniyar Carson Scholars Fund, wadda ke ba ɗaliban firamare da sakandare masu ƙwazo tallafin dala 1,000. An yi masa aikin sankara a 2002, ya warke ya koma bakin aiki. A 2008 Shugaba George W. Bush ya ba shi lambar yabo ta 'yanci, mafi girma da ake bai wa farar hula a Amurka.

A watan Fabrairun 2013, a wurin taron addu'o'in ƙasa da ake yi duk shekara a Washington, ya soki tsarin haraji da na inshorar lafiya, Shugaba Barack Obama na zaune kusa da shi. Cikin kwanaki ya zama gwarzon masu ra'ayin riƙau. Ya ajiye aikin tiyata a tsakiyar wannan shekara, a watan Mayun 2015 kuma ya ayyana neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, har ya ɗan sha gaban Donald Trump a wasu ƙuri'un jin ra'ayi.

A nan ne da yawa daga masu ƙaunarsa suka fara ganin wani mutum daban. Ya kwatanta dokar inshorar lafiya ta Obama da mafi munin abin da ya sami Amurka tun bayan bauta. A watan Satumbar 2015 ya shaida wa gidan talabijin na NBC cewa ba zai goyi bayan a ɗora Musulmi a kan shugabancin Amurka ba, maganar da ta ci karo da tsarin mulkin ƙasar, wanda ya haramta gindaya sharaɗin addini ga mai neman muƙamin gwamnati. Ƙungiyoyin Musulmin Amurka sun nemi ya janye daga takarar. Daga baya ya ce zai iya amincewa da Musulmin da ya fifita tsarin mulki a kan shari'a, bayanin da bai gamsar da masu sukarsa ba. Hannun da ya ƙware a ƙwaƙwalwar jariri bai ba shi sanin tarihi ko harkokin ƙetare ba, kuma muhawarorin takara sun fito da hakan fili.

Ya janye a watan Maris na 2016 ya mara wa Trump baya, shi kuma ya naɗa shi sakataren ma'aikatar gidaje da raya birane, muƙamin da ya riƙe daga 2017 zuwa Janairun 2021 duk da cewa bai taɓa aiki a wannan fanni ba. Abin da aka fi tunawa da shi a zamaninsa shi ne cece-kucen odar teburin cin abinci da kujeru na dala 31,000 domin ofishinsa. An soke odar, kuma mai binciken ma'aikatar bai same shi da laifi ba.

A mahaifarsa Detroit, hukumar makarantun birnin ta cire sunansa daga wata sakandaren kimiyya da likitanci da aka sa wa sunan tun kafin ya shiga siyasa. A Najeriya kuwa, Jami'ar Babcock da ke Ilishan-Remo a jihar Ogun, mallakar cocin Seventh-day Adventist wanda Carson mabiyinsa ne, da sunansa take kiran kwalejinta ta koyon aikin likita.